Takalmin da Ya Ƙi Saki

Shekara talatin da huɗu ke nan ina zaune da mutumin da ba ya gane kowa da fuska. In ka gaishe shi a hanya, sai ya fara duban ƙafarka kafin ya san wanda zai amsa wa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa maigidana takalmi yake tambaya. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Dunduniya, har Fasto da shi yake kiransa a gaban jama'a. Sunansa na yanka ni kaɗai na riƙe, shi ma sai raina ya ɓaci nake fito da shi.

Ranar da ya fara yi mini magana ina budurwa, bai ce ina da kyau ba, bai ce muryata ta yi masa ba. Silifas ɗina ya kalla ya ce, "Kina jan ƙafar hagu in kin gaji." Na koma gida ina huci, na gaya wa yayata cewa wani mahaukaci ya tare ni a hanya. Ta ce, "To kina ja ɗin ko ba kya ja?" Ina ja. Bayan wata takwas aka ɗaura.

Gyaran takalmi ne sana'arsa, tun kafin ya san ni. Rumfarsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin kemis da mai gyaran agogo, in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a waje. Akwai benci guda da ya sha faci, da ƙafar ƙarfe da yake kifa takalmi a kai, da gwangwanayen madara cike da ƙusoshi, kowanne da girman nasa. Basillarsa ta girmi 'yarmu ta fari. Warin gam kuwa ya bi shi har cikin matashin kai, na yi faɗa shekara goma, na gaji na saba.

Ni ce shugabar kwamitin taimako ta matan cocinmu, kuma ba yabon kai ba, Allah ya ba ni kai mai fitar da dabara. Duk Kirsimeti sai na zo da sabuwa. Wata shekara na ce kowa ya kawo kayan sawa da ba ya buƙata, muka tashi da nakatayel goma sha huɗu da rigar amarya guda. Wata shekara na ce mu kai wa gidan marayu kaji masu rai don yara su koyi kiwo, kafin mu gama addu'ar miƙawa rabinsu sun haura katanga. Shekarar barguna ce kaɗai ta tafi daidai, ita ma sai da muka kai asibiti aka gaya mana sabulu suka fi buƙata.

Shi kuwa dabararsa ɗaya ce tak, ita yake ta jan ta shekara ashirin da biyu. Ran Lahadin farko ta Disamba zai ajiye katon kwali a ƙofar coci, ya rubuta a jiki da hannunsa mai kama da tafiyar kaza: TSOHON TAKALMI. Mutane su zuba, ya kwaso gida, falona ya koma kasuwa har sai an yi Kirsimeti. Ya gyara, ya raba wa waɗanda ya ga suna buƙata. Ba ya tambayar kowa lambar ƙafa, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wurin zamansa a coci bencin ƙarshe ne, kuma ba don tawali'u ba. In aka ce a durƙusa a yi addu'a, jama'a na rufe ido, shi yana bin ƙasan takalma layi-layi yana ganin wanda ya huje. Na ce masa wannan zunubi ne. Ya ce shi ma addu'ar yake amsawa, ta ɓangarensa.

Akwai ƙa'idar da ba ya karyawa: takalmi ba ya fita daga hannunsa da kamannin da ya shigo. Ja zai koma baƙi, mai igiya ya samu wata igiyar daban, mai maɓalli a canza masa maɓalli, a sake ɗinkin baki. Dalilin ya samo asali ne tun shekarar farko. Wata 'yar kwamitinmu, mai kirki ce amma bakinta ba shi da birki, ta hango takalmin ɗanta a ƙafar ɗan wata gwauruwa, ta ɗaga murya a harabar coci ta ce, "Kai, ya yi masa kyau! Na ɗana ne fa!" Gwauruwar nan ta ja ɗanta suka fita, wata shida ba a sake ganinta ba. Tun daga nan Dunduniya ya rantse ba wanda zai ƙara gane tsohon takalminsa a ƙafar wani. Na taɓa kawo shawarar mu riƙa ɗaukar hoto wajen rabo don masu bayarwa su ji daɗi. Ya ce, "Hoton me, Maman yara? Na ƙafar ko na kunyar?" Kwana biyu ban yi masa magana ba, saboda ya fi ni gaskiya.

To, a cikin masu zubawa a kwalin nan akwai wanda kullum shi ne na farko. Hedimasta muke ce masa, duk da ya bar makaranta shekara goma sha biyar. Dogo ne, siriri, ya haura saba'in da biyar, kwat ɗinsa ba ta taɓa sanin yamutsewa ba. Rabin cocin shi ya koya musu karatu, sauran rabin ya koya wa iyayensu. Mutum ne mai bayarwa tun asali. Yara nawa ya saya wa littafi, gida nawa ya kai wa hatsi, ba wanda ya san adadi. Matarsa ta yi doguwar jinya ta rasu shekara uku da suka wuce, jinyar ta tafi da duk abin da suka tara, 'ya'yansa biyu kuma suna nesa suna fama da nasu. Amma kafaɗarsa ba ta sauka ba ko da ɗan yatsa. Takalminsa ko a cikin kwali ana gane shi: a goge, an cusa masa takarda, an ɗaure igiyoyin biyu wuri guda.

Bana, da maigidana ya juye kwalin a tsakar falo da yammar Lahadi, sai na ga ya ɗauki wani takalmi ruwan ƙasa. Ya juya shi, ya danna ƙasan da babban yatsa, ya sake juyawa.

Na ce, "Baban yara, lafiya? Ka ga kunama a ciki ne?"

Ya ce, "Wannan bai mutu ba."

"To ai ka huta da gyara."

"Na Hedimasta ne. Ni na sa masa dunduniyar nan wata biyar da suka wuce. Da bakinsa ya ce min shi ne na zuwa coci." Ya ajiye shi a cinya. "Ƙafa huɗu na sani gare shi. Bara waccan ya kawo ɗaya, bara ya kawo ɗaya, ga na uku."

"Saura ɗaya ke nan."

"Sauran shi ne wanda yake sawa in zai ba furanni ruwa."

Sai a lokacin na fahimta. Lokacin kwali ya yi, Hedimasta ba shi da abin zubawa, kuma ba zai iya wuce kwalin nan hannu wofi jama'a na kallo ba. Sai ya cire na ƙafarsa ya bayar. Raina ya ɓaci, na rasa ma da wa, da shi ne ko da kwalin.

Lahadi mai zuwa na bar wurina na gaba na zauna kusa da maigidana a bencin ƙarshe. Da aka durƙusa, Allah ya gafarta mini, ni ma idona a buɗe yake. Ga ƙafafun Hedimasta can layi na uku, ya yi ta ƙoƙarin jan wando ya rufe. Ƙasan na dama ya huje, faɗin bakin kofi, kuma ta cikin hujin ana hango kwalin sabulu da ya yanka ya shimfiɗa. Mutumin da yake tafiyar minti arba'in a kan tsakuwa kafin ya iso coci.

Bayan an tashi sai Fasto ya ja ni gefe, ya ce in taya shi neman wanda zai yi karatun safiyar Kirsimeti. Shekara arba'in Hedimasta ne yake hawa matakala ukun mumbarin coci ya tsaya a gaban jama'a ya karanta labarin makiyaya, amma bana ya ce a nemi wani, wai muryarsa ta dushe. Muryar da minti biyar kafin nan ta danne ta 'yan ƙungiyar waƙa gaba ɗaya a waƙar rufewa! Ruwa ba ya tsami banza. A kan matakalar nan ƙafar mutum daidai take da idon 'yan layin gaba. Na ce wa Fasto ya dakata kada ya nemi kowa tukuna.

A hanyar gida dabaru suka fara zubo mini. Na ce mu rataye masa takalmin a ƙofa cikin baƙar leda kamar yadda ake yi wa kowa. Maigidana ya ce da safe zai kawo shi coci a yi sanarwar tsintuwa. Na ce kwamiti ta shirya masa kyautar girmamawa. Ya ce a gaban mutum ɗari uku? Na ce to mu kira 'ya'yansa. Ya ce in ina son Hedimasta ya daina gaishe ni har abada, ga waya nan.

Ban ji ba. Ran Talata na haɗa kwando da sunan kwamiti, shinkafa da mai da sukari da ganyen shayi, na ce bari in fara buɗe ƙofa da wannan. Ya karɓe ni a falonsa kamar na zo duba makaranta. Littattafai jere har rufi, hoton matarsa a bango, kujera biyu, buta a kan risho. Bayan ƙofa akwai ɗan katakon jera takalma mai hawa biyu, babu komai a kai sai burushi da gwangwanin man gogewa. Ya yi mini jawabin godiya na kusan kwatan awa, ya yaba wa kwamiti, ya gyara mini kuskuren rubutu biyu a katin da na liƙa. Sannan ya ɗauko biro ya rubuta mini sunayen gida huɗu da ya ce sun fi kowa buƙata a layinsu, ya ɗauki kwandon da kansa ya rako ni har ƙofar gidan farko. Wanzami ba ya son jarfa. Na dawo gida ko mayafi ban cire ba na zauna ina cika ina batsewa.

Maigidana bai ce ai na gaya miki ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Takalmin kawai ya ɗauka ya tafi da shi rumfa. Kwana uku ya yi a kansa. Ya rina shi baƙi sau biyu, ya sake igiya, ya farke ɗinkin goshin ya yi wani salon, ya ƙara wa dunduniya tudu. Da ya dawo da shi, ni da na gan shi ran farko ban gane shi ba. Sai na leƙa ciki na ga tsohuwar shimfiɗar nan na nan, da sawun yatsu biyar kwance a jiki.

Na ce, "Ka manta ciki."

Ya ce, "Ban manta ba. Hedimasta na da ƙullutu a gindin babban yatsa. Shekara biyar fatar nan ta yi tana ba shi wuri. In na taɓa, zai ji ciwo."

"Ai zai gane."

"Sa mayafinki mu je. Amma don Allah, Maman yara, yau ki ara mini bakinki ki bar shi a jaka."

Saura kwana huɗu Kirsimeti muka same shi da hantsi yana ba furanni ruwa. Maigidana ya cire hula, ya rage tsawo, ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema."

Ai kuwa ka ga fuskar Hedimasta ta washe. Ya ajiye butar ya ce, "Faɗi, Dunduniya. In ina da iko an gama."

"Wani dattijo ne a cikin waɗanda nake ba takalmi. Ƙafarsa ba ta son wahala. Ka san fata in ta sha rini sai ta ƙage. In na ba shi wannan haka zai tsattsage masa ƙafa. Sai an samu mai ƙafa irin tasa ya taka shi kwana bakwai ya saki. Na duba ƙafafun coci kaf, taka ce kaɗai ta zo daidai."

"Wane ne dattijon?"

"Ranka ya daɗe, ka san ba na faɗa."

"Haka ne. Haka ya kamata." Ya zauna a dakali, ya juya mana baya kaɗan kafin ya cire na ƙafarsa, ya tura su ƙarƙashin tukunyar fure. Ya zura ƙafar dama. Ta shige sumul, ko yatsa bai sa ya ja ba. Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon takalmin, sannan ya ɗago ya dubi maigidana ta saman tabarau. Ni dai na ce a raina yau za a kore mu da butar ruwa.

Ya ɗaure igiyar a hankali, ya miƙe, ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ya ce, "Lallai ya matse. Dattijon nan da ya sha wuya. Zan yi ƙoƙari."

Safiyar Kirsimeti muryar da ta dushe ta warke. Ya hau matakala ukun nan ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya buɗe Littafi, ya karanta makiyayan nan har sai da jariran baya suka yi shiru. Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Na taɓo maigidana in ga ko shi ma abin ya taɓa shi, sai ya raɗa mini cewa rinin gefen hagu bai kama sosai ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ban san Hedimasta ba. Ranar da kwana bakwai suka cika cif, sai ga shi a rumfa da takalmin a naɗe cikin jarida, a goge, an cusa masa takarda. A ƙafarsa kuwa mai hujin nan ne, da shi ya tako tsakuwar minti arba'in.

Ya ce, "Ga amanarka. Ina jin ya saki."

Maigidana ya karɓa, ya lanƙwasa shi, ya kai kunne kamar mai sauraren agogo, ya girgiza kai. "Da saura, ranka ya daɗe. Ka ji yana ƙara? A ƙara masa bakwai."

Aka ƙara bakwai. Ya sake dawowa da shi a jarida, da mai hujin a ƙafa. Wannan karon maigidana ya ce dunduniyar ce ba ta kwanta ba. Hedimasta ya ce shi ma ya lura da hakan. Tsofaffi biyu, ɗaya dattijon coci, suna tsaye ƙarƙashin matakala suna zuba wa juna ƙarya da fuska a murtuke, mai gyaran agogo na leƙe yana mamakin wane irin takalmi ne wannan.

Da muka koma gida na ce, "Har yaushe za ku yi ta wannan wasan? Duk ran da zai dawo maka da shi, a kan kwalin sabulu yake tahowa. Wata rana ƙusa za ta shige shi. Ka fito ka gaya masa mana!"

Ya ce, "Ya sani. Tun da ya zura ƙafa ya sani."

"To me ya rage?"

"Ba ni zan faɗa ba. In na faɗa, na ƙwace masa. Shi zai faɗa in ya shirya."

"In bai shirya ba fa?"

"Sai takalmin ya yi ta ƙin saki har wata Kirsimetin."

Ranar zagaye na uku na kai wa maigidana abincin rana, ina zaune a ƙarshen benci ina buɗe kwano, sai ga inuwar Hedimasta a bakin rumfa. Da naɗin jarida a hannunsa kamar kullum. Amma da na dubi ƙasa, baƙin ne a ƙafarsa.

Ya gaishe mu, na koma bakin rumfa na ba shi wuri, ya zauna, abin da bai saba yi ba a rumfar nan. Ya buɗe jaridar ya fito da tsohon, ya ɗora a kan ƙafar ƙarfe. Da hannunsa ya zaro kwalin sabulun daga ciki, ya ninke shi biyu ya sa a aljihun kwat. Sannan ya kifa takalmin, hujin na kallon sama.

Ya ce, "Wannan fa, Dunduniya? Yana gyaruwa?"

Maigidana ya ɗauka ya duba, ya duba da gaske, gaba da baya. Mutumin da ke cewa takalmi ba ya mutuwa sai dai mai shi ya gaji. Ya ajiye ya ce, "Ba ya gyaruwa, ranka ya daɗe. Fatar ta gama."

Hedimasta ya gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Motoci na ta wucewa a titi, mai kemis na faɗa da wani a kan canji. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, na yi ta kokawa da murfin kwanon da tuni yake a buɗe. Shekara talatin na san mutumin nan, ban taɓa jin ya nemi ko ruwan sha a gidan wani ba.

Can ya yi gyaran murya, ya dubi baƙin takalmin da ke ƙafarsa.

Ya ce, "Dattijon nan naka. Ka ba shi haƙuri. Ka ce masa na riƙe."

Maigidana ya ce, "Zai ji, ranka ya daɗe."

"Ka gaya masa dalili, kada ya ɗauke ni maci amana." Muryar ta yi ƙasa, yau kam da gaske ta dushe. "Ka ce masa ba ni da wani."